Kaktus a tukunya: ƙasa, ban ruwa da ruɓar gindi

Mai Kasko:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da marka ta kama tambayar kaktus ta yawaita a zauren nan, kuma hotunan kusan iri ɗaya ne: sama kore shar, gindi ya yi baƙi ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa. Gara mu tara maganar wuri guda. Ƙishirwa ba ta cika kashe kaktus ba, rana ma sai dai ta ƙona masa fata. Ruwan da ya kwana a saiwa shi ne ajalinsa. Saboda haka maganar ƙasa da tukunya da wurin ajiya duk tambaya ɗaya ce: kwana nawa tukunyar ke yi kafin ta bushe har ƙasa? In ta haura mako da danshi, akwai gyara.

Baba Na Lambu:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga ƙasa, a fara sanin abin da aka saya, don rabin abin da ake sayarwa a bakin titi da sunan kaktus ba shi ba ne. Ƙerana da tinya dangin Euphorbia ne, 'yan Afirka, kama kawai suka yi. Kaktus na gaskiya asalinsa nahiyar Amurka, musamman Meziko, in ban da Rhipsalis baccifera da ake samu a dazukan Afirka. Alamarsa: ƙayoyin ba daga fata suke fitowa kai tsaye ba, daga wani ɗan dunƙule suke fitowa mai gashi kamar auduga, kuma daga nan fure da 'ya'ya ke tohowa. Ƙerana ba ta da wannan dunƙulen, ƙayarta bibbiyu ce a kan ƙashin gefe. In an tsaga ta kuma farin ruwa kamar nono zai fito, mai guba, yana ƙona fata, a ido kuwa yana iya makantarwa. In ya faɗa ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 20 ko fiye, a wuce asibiti, kada a tsaya shafa wani abu.

Hajiya Mai Fure:
Baba, a ƙara da cewa farin ruwan kaɗai bai isa shaida ba, domin wasu Mammillaria ma suna da shi alhali kaktus ne na gaske. Dunƙulen ƙayar shi ne hujja. Kariya da zabuwa da moda su ma ba kaktus ba ne, ko da yake ƙasa ɗaya za ta yi musu.

Baba Na Lambu:
Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara.

Mai Kasko:
To ga haɗin ƙasa, da kowane kwano aka auna, muddin shi ɗaya ne:

Kwano 2 na yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 2 na jan bulo ƙonanne da aka farfasa ko burji, kwano 1 na gutsattsarin gawayi, kwano 1 na ruɓaɓɓiyar ƙasar ganye ko tsohon takin da ya shekara ya koma baƙar ƙasa.

Sirrin yana wurin tankaɗe. Yashin da bulon da gawayin duk a zuba su a rariya a kaɗe garin a zubar, abin da ya rage a sama shi ake so, girman ƙwayar dawa zuwa ƙwayar masara, wato milimita 3 zuwa 6. Mutane na jin "ƙasar hamada" sai su ɗebo rairayi mai laushi, su gauraya da baƙar ƙasa. Wannan haɗin idan ya jiƙe ya bushe yakan daskare kamar daɓe, iska ba ta shiga, ruwa ya riƙa bi ta gefe tsakiya na tsame. A wanke gawayin don tokar ta fita. Kada a yi amfani da fasasshen bulon siminti, yana sa ƙasa ta yi kanwa, saiwa ta kasa jan abinci, shukar ta koma rawaya.

Gwaji: a jiƙa, a dunƙula a hannu, a buɗe. In ya wargaje ya yi. In ya tsaya curi kamar fura, a ƙara tsakuwa.

Na Damagaram:
Malam, wannan awon na mutanen Kano da Zariya ne. A Damagaram ruwan shekara bai cika kai milimita 500 ba, iskar kuma busasshiya ce kusan wata takwas. Ƙaramin kaskon ƙasa da wannan haɗin zai bushe cikin yini biyu a watan Afrilu, ƙananan saiwoyin su ƙone kafin su sha. A wajenmu ƙasar ganyen ta zama kwano 2, a rage gawayin zuwa rabi.

Ɗan Tudun Jos:
Mu kuma akasin haka. Ruwa ya haura milimita 1,000, ga sanyi ga hazo, tukunya kan yi kwana goma ba ta bushe ba a watan Agusta. Ƙasar ganye rabin kwano ta isa. Kuma kada shingen ƙerana da ake gani kewaye da gidaje da gonaki a nan Filato ya ruɗi mutum ya ce ai tana shan damina ba ta ruɓa. Ita 'yar gida ce, a ƙasa take ba a tukunya ba, kuma galibi a kan tudu mai duwatsu.

Mai Kasko:
Duka biyun daidai ne. Awon mafari ne, kwanakin bushewa su za su nuna ko a ƙara ko a rage.

Uwar Biyu:
Batun tukunya fa? An saba cewa a shimfiɗa tsakuwa a ƙasan tukunya kamar yatsa biyu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Masu sayar da furanni duk haka suke yi.

Malam Mai Alli:
Yaya, wannan al'ada ce da ta daɗe amma ba ta yin aikin da ake zato. Ɗauki soson katifa ki jiƙa shi, ki ɗora a kan tsakuwa. Ruwan ba zai sauka cikin tsakuwar ba, zai taru a ƙasan soson, domin ƙananan ƙofofi sun fi manya riƙe ruwa. Haka ƙasar tukunya take: akwai wani sashe a can ƙasa da ke zama jagab bayan ban ruwa. In kin sa tsakuwa, wannan sashen kika ɗago sama kusa da saiwa, kika kuma rage wa saiwar wuri. Tsakuwar a gauraya ta cikin ƙasar baki ɗaya. Ƙofar tukunyar kuwa a rufe ta da ɗan yankin gidan sauro don kada ƙasa ta zube.

Baba Na Lambu:
Ban ƙi bayaninka ba Malam, amma in tukunyar ta yi zurfi da yawa, kamar randa, cike ƙasanta da manyan duwatsu ya fi a cika ta da ƙasar da saiwa ba za ta taɓa kaiwa ba.

Malam Mai Alli:
A nan maganin a sake tukunya ne, Baba. Yawancin kaktus saiwarsu a sama-sama take bazuwa don ta cafke ɗan yayyafi. Tukunya ta fi jikin shukar faɗi da santimita 2 kawai ta kowane gefe. Kaskon ƙasa wanda ba a shafa masa fenti ba ya fi, yana numfashi ta jikinsa. Roba tana riƙe danshi kusan ninki, baƙar roba a ranar bazara kuma tana dafa saiwa. Kofin tangaran ko gilashi marar ƙofa, komai kyansa, kabari ne. In ana son sa don ado, a sa tukunya mai ƙofa a cikinsa, a riƙa ciro ta lokacin ban ruwa.

Hajiya Mai Fure:
Tsakuwa tana da wurinta, amma a sama: a zagaye wuyan shukar da ita kaurin santimita 1. Wuyan nan ne ruɓa ke fara kamawa, tsakuwar na hana shi zama cikin laima, tana kuma hana kaji tono.

Sai ban ruwa. Kuskure biyu ne. Na farko kullum a yayyafa cokali ɗaya: sama na jiƙe, saiwar ƙasa na mutuwa da ƙishi, gishiri na taruwa. Na biyu a ɗaure wa kai ranar mako, ko ƙasa ta bushe ko ba ta bushe ba. Yadda ake yi shi ne a zuba sosai har ya fito ta ƙasa, a zubar da wanda ya taru a faranti, sannan a ƙyale. A soka tsinken tsire har gindin tukunya, a bar shi minti biyar, a zaro. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, ba yau ba. In ya fito a bushe, a ƙara kwana biyu sannan a ba shi. Ga kaskon da bai wuce santimita 12 ba, a bazara abin kan faɗo duk kwana 7 zuwa 10, da hunturu duk mako uku ko huɗu.

Uwar Biyu:
Hunturu ne fa iska ta fi bushewa, leɓe ma tsagewa yake. Me ya sa a rage a lokacin?

Malam Mai Alli:
Domin shukar ba ta girma a lokacin, saiwar ba ta ja. Kuma hutun nan na sanyi da bushewa shi ke sa kaktus irin su Mammillaria da Gymnocalycium da Echinopsis su ɗaura fure. A Disamba da Janairu sanyin dare a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, wannan kyauta ce, a bar su a waje su sha shi. In sun ɗan yamutse ba komai, ban ruwan ƙarshen Fabrairu zai cika su.

Akwai wani lokacin haɗari da ba a cika faɗa ba: Afrilu da Mayu. Kaktus da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa ya ɗebi iska ya adana, da rana ya rufe don kada ruwa ya tsere. In dare ya yi zafi sosai, kusan digiri 30, wannan aikin na raguwa, shukar ta yi likimo. Mai ita ya ga zafi ya yi ta ɗura ruwa, ruwa mai ɗumi ya zauna a saiwar da ba ta sha, cikin kwana uku ta ruɓe. A lokacin a ba da ruwa da asuba ko bayan magariba in kaskon ya huce, kada a taɓa ba shi da azahar.

Na Damagaram:
A ƙara maganar irin ruwan. Rijiyar burtsatse a wurare da yawa ruwanta na da gishiri, alamar ita ce farin ɓawo a bakin kasko da kan tsakuwa. A tari ruwan sama a jarka a ajiye, kaktus goma ba za su shanye lita 50 a rani guda ba in ƙanana ne. In babu, duk ban ruwa na uku a zuba ninki uku na abin da tukunyar ke ɗauka don ya wanke gishirin ya fita.

Ɗan Tudun Jos:
Ruwan sama a jarka, amma ba ruwan sama a kai ba. Daga Yuli zuwa Satumba masu siffar ƙwallo, irin su Echinocactus grusonii mai ƙaya ruwan zinare, da Astrophytum, da duk mai farin gashi, su koma ƙarƙashin baranda inda haske ke shiga ruwa ba ya duka. A ɗora kaskon a kan bulo biyu don ƙofar ta sami iska, kuma a nisanta shi da bakin indararo. Cereus dogo da Opuntia mai faifai in a ƙasa aka dasa su a kan tudun burji suna jure damina.

Mai Kasko:
Rana kuma. Masu sayarwa a inuwar raga ko ƙarƙashin bishiya suke ajiye su. Ka kawo gida ka dasa a tsakar gida a ranar Maris, kwana biyu gefen yamma ya yi fari, daga baya ya zama tabo ruwan ƙasa, kuma ba ya gogewa har abada. A saba masa a hankali: makon farko hantsi kawai zuwa ƙarfe 9, mako na biyu zuwa 11, na uku zuwa azahar. Wuri mafi kyau gefen gabas, ya sha rana awa huɗu zuwa shida, bango ya tare masa ta la'asar. A yi wa kaskon alama da alli don in an ɗaga a mayar da shi yadda yake fuskanta.

Ɗaya ɓangaren shi ne wanda aka ajiye a kan teburin falo ko ofis. Kan zai tsiro siriri, fari-fari, ƙayoyi ƙanana, kamar wutsiyar ɓera. Wannan ba girma ba ne, neman haske ne, kuma siririn ba zai yi kauri ba. Sai dai a yanke shi a mayar da shukar haske. Zancen wai yana shanye tururin kwamfuta kuwa tallar 'yan kasuwa ce.

Uwar Biyu:
To wanda ya riga ya fara ruɓa, akwai ceto?

Baba Na Lambu:
A fara bambancewa. In gindin ruwan ƙasa ne, busasshe, mai tauri kamar ɓawon itace, tsufa ne, a ƙyale shi. In yana lotsawa a yatsa ko yana wari, ruɓa ce, kuma ba ta jira. A goge wuƙa mai kaifi da sifirit, a yanke sama da wurin. A duba fuskar yankan: dole ta zama fari ko kore tas. In akwai ɗigo ja ko ruwan ƙasa, musamman a zoben tsakiya, wato jijiyoyin da ruwa ke bi a jikin shukar, a sake goge wuƙar a ƙara yankewa sama, har sai ta fito fes. Wanda bai goge wuƙa tsakanin yanka da yanka ba shi da kansa yake kai cutar gaba. Sai a ɗan fere gefen kamar fensir, domin tsakiya na shigewa ciki in ta bushe. A barbaɗa garin farar wuta, a tsayar da shi a inuwa mai iska. Siriri mako ɗaya zuwa biyu, mai kaurin damtse wata guda. In fuskar ta yi tauri, a ɗora shi a kan busasshen haɗi, zurfin santimita 1 ko 2, a tokare da duwatsu. Babu ruwa sai an ɗan ja an ji ya riƙe ƙasa, abin da kan ɗauki mako uku zuwa shida. Tsohuwar ƙasar a zubar, kaskon a wanke a shanya a rana.

Na Damagaram:
In babu farar wuta, toka fa? Da ita ake rufe yankan rogo da doya.

Baba Na Lambu:
Ɗan kaɗan a fuskar yankan ba laifi, garin gawayi ma ya fi. Abin da ke warkarwa dai iska ce da haƙuri. Amma kada a zuba toka cikin ƙasar tukunya.

Hajiya Mai Fure:
Wannan hanyar ita ce ta yaɗa iri ma. 'Ya'yan da ke fitowa a gefen Mammillaria da Echinopsis a murɗe su idan sun kai girman goro, faifan Opuntia a yanke a gaɓa, a shanya, a kafa. Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ya fi, haka sauya tukunya. Sabon saye a zazzage masa baƙar ƙasar mai sayarwa gaba ɗaya, a duba saiwa, a bar shi kwana biyu, a dasa a busasshen haɗi, a jira mako kafin ruwa. A naɗe jarida ta zama ɗamara a riƙe shi da ita. Hattara da Opuntia microdasys, mai kama da kunnen zomo: waɗannan ɗige-ɗigen masu laushin gani ƙananan ƙayoyi ne masu ƙugiya, ɗaruruwa ke shiga fata a taɓawa ɗaya. Ba na gidan da yara ke rarrafe ba ne. In sun shiga, a tsince da hantsaki, a shafa farin gam na kafinta, ya bushe a ɓare.

Malam Mai Alli:
Ƙwari. Wanda ya fi yawa shi ne farin nan mai kama da ɓurɓushin auduga a tsakanin ƙayoyi. In ka ga tururuwa na hawa da sauka, duba, su ke kiwonsa saboda zaƙin da yake fitarwa. A dangwala auduga a sifirit a goge ɗaya bayan ɗaya, a maimaita duk mako sau uku, don ƙwai na ƙyanƙyashewa. Akwai ɗan'uwansa na cikin saiwa: shukar ta daina girma ba dalili, in an zaro a ga farin gari a jikin kasko. Sai wanke saiwa da sabuwar ƙasa. Da hunturu kuma akwai wani ja mitsitsi da ido bai cika gani ba, shi ke sa kan shukar ya yi kamar tsatsa. Man darbejiya cokalin shayi ɗaya da ɗigon sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa da yamma, a ajiye a inuwa kwana biyu, in ba haka ba man da rana su ƙona fata. Kada a fesa wa masu shuɗin jiki, yana goge hodar. Gara kuwa ɗanyen taki da garin katako ke kiranta.

Ɗan Tudun Jos:
Kada a raina ƙwarin nan. Wani danginsu, Dactylopius opuntiae, ya bayyana a Maroko a 2014 ya cinye gonakin Opuntia masu yawa. Sabon saye ya yi mako uku shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran. Haka kuma faifan Opuntia da aka yanke kada a jefa shi bola ko bayan gari, ko'ina ya faɗi kamawa yake. A Ostareliya ya mamaye miliyoyin hekta sai da aka saki ƙwaron Cactoblastis a 1926 kafin a shawo kansa. A shanya shi a kan kwano ya bushe a ƙona.

Uwar Biyu:
Taki fa? Da kuma jajayen nan da rawaya da ake sayarwa a kan kore mai kusurwa uku, su me ke sa su mutu da wuri?

Mai Kasko:
Yuriya sam. Tana sa jiki ya kumbura ya yi taushi ya tsage, ƙwari su samu. NPK 15-15-15 rabin cokalin shayi a lita 5, a jiƙa ya kwana, a tace, a ba da shi a kan ƙasar da ta riga ta ɗan jiƙe. Sau biyu ko uku a shekara, tsakanin Maris da Oktoba. Wanda aka sauya wa ƙasa bana ba ya buƙata.

Jajayen kuwa shuka biyu ce aka yi wa aure, kamar mangwaro. Na saman Gymnocalycium mihanovichii ne marar koren da ake haɗa abinci da shi, na ƙasan Hylocereus ne, mai hawa bishiya, shi ke ciyar da shi. Na ƙasa ya fi son ruwa, na sama ba ya jure rana mai zafi, girmansu ma ba ɗaya ba, shi ya sa auren bai cika wuce 'yan shekaru ba. A ajiye shi a inuwa mai haske. In na ƙasan ya lalace, a samo sabon reshe mai saiwa, a yanke kansa da sabuwar reza, a fere kusurwoyin, a yanke gindin jan, a haɗa nan take kafin su bushe.

Baba Na Lambu:
A lura da zoben da ke tsakiyar kowanne. Girmansu ba ɗaya ba ne, don haka in an ɗora tsakiya kan tsakiya zobban ba za su taɓa juna ba, auren ba zai kama ba. A ɗan goce da na saman gefe yadda zobe zai ratsa zobe. A ɗaure da roba biyu a gicciye ta ƙarƙashin tukunya, a sa ɗan auduga a kai don kada robar ta yanke shi, inuwa kwana goma, ruwa kada ya taɓa mahaɗin.

Hajiya Mai Fure:
In kuma an ga fure mai ƙyalli a kan kaktus a shago wanda wata uku bai yi yaushi ba, a leƙa gindinsa, busasshen fure ne aka manna da gam. Kada a fizge, yana tahowa da fata. A yanke shi da almakashi a bar guntun gam ɗin a wurin.

Na Damagaram:
Malam Mai Kasko, saura shuka daga ƙwaya, don nan dokar bushewar ta juye: jariran danshi suke so, a rufe da farar leda wata uku ko fiye, a inuwa.

Mai Kasko:
Haka ne, kuma haɗin ma daban ne, an fi tankaɗe shi da laushi, sai an turara shi a tukunya minti 30 ya huce don kashe funfuna, ƙwayar kuma a sama ake barbaɗa ta ba a binnewa. A buɗe masa tasa tattaunawar daban, kada masu gyaran ruɓa su karanta su koma rufe manya da leda.